Miliyon ɗaya da jika 350 a asusu: wa ya cancanci a ba shi?

Isufu (admin): Assalamu alaikum ƴan uwa. Hajiya Rakiya ta rufe littafin asusu jiya da dare, abin da ke ciki miliyon ɗaya da jika 350. Jika 900 sun fito ne daga horon kwamfuta da muka yi wa malaman makaranta a nan Tawa, inda masu koyarwa suka yafe rabin haƙƙinsu. Sauran kuma zubin jika biyu-biyu ne na kowane wata. Tun farko mun ce kuɗin na tallafa wa buɗaɗɗiyar manhaja ne, amma ba mu taɓa zama mun ce wa ya cancanta ba. Yanzu takarda uku ke hannuna. Abdul-Karim na neman jika 700 don manhajarsa ta kula da makarantu. Zeinabu na neman jika 300 don aikin fassara da naɗar muryoyi da Hausa. Nasiru da abokansa biyu na neman jika 800 su rubuta manhajar farashin albasa. Ku haɗa ku gani, ya zarce abin da muke da shi. A yi magana da ladabi, kuma don Allah ban da saƙon murya mai minti tara.

Mamman Sani: Wa alaikumus salam. Kafin a je ko'ina, tambaya ɗaya: wane lasisi ke kan kowace manhaja? Wanda ba shi da amsa ya ɗauki takardarsa.

Abdul-Karim: Na san da ni kake, Mamman. Ɓangaren rajistar ɗalibai da kiran suna a buɗe yake, yana GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja a fili, da buɗaɗɗen lasisin MIT tun bara. Ɓangaren kuɗin makaranta da fitar da takardar sakamako ne na rufe, don da shi nake ci da iyali. Masu Odoo, manhajar tafiyar da kasuwanci, ma haka suke yi, ai kai kanka kana girka wa ƴan kasuwa ita a Yamai: akwai ta jama'a, akwai ta biya. Ban ji ka taɓa kiransu maciya amana ba.

Mamman Sani: Ban kira ka maci amana ba. Amma jika 700 ɗin wane ɓangare za su gyara? Ka rubuta da hannunka cewa na fitar da sakamako ne. Wato mu zuba kuɗin jama'a, kai ka kulle ƙofa ka riƙe mabuɗi. Odoo ba ta zo ta ce mu yi mata karo-karo don ta gina ta biya ba.

Hajiya Rakiya: Ku dakata ƴaƴana. Ni mai riƙe kuɗi ce kawai, ku fahimtar da ni. Buɗaɗɗiya da kyauta ba abu ɗaya ba ne? WhatsApp ɗin nan da muke ciki ban taɓa biyan ko dala ba.

Bubakar: Hajiya, ba ɗaya ba ne. Ki ɗauka an ba ki babur kyauta amma an like injin da walda. Za ki hau, amma ran da ya tsaya babu bakaniken da zai iya buɗe shi sai wanda ya ƙera. Wannan ita ce ta kyauta. Buɗaɗɗiya kuwa an ba ki babur, an ba ki sufana, an kuma rubuta miki a takarda cewa kina da izinin ki kwance shi, ki canza abin da kike so, ki ƙera irinsa ki ba wani ko ki sayar. Takardar nan ita ce lasisi. Kuma ana sayar da buɗaɗɗiya, ba haramun ba ne. Kamfanin Red Hat da Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya yi arziki, har IBM ta saye shi dala biliyan 34 a 2019.

Hajiya Rakiya: To yanzu na gane. Bazabarme ya yi abin kai yau, a rubuta ranar.

Bubakar: Hajiya, Gobirawa dama sai an kawo musu misali da babur.

Nasiru: Yayyena, ni tambayata daban ce. Idan aka ce sai wanda ya riga ya saka manhaja a intanet da lasisi, to mu sababbi yaushe za mu fara? Mu uku kwamfuta ɗaya muke juyawa, batirinta ya mutu, in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya. Manomi a Galmi ko Tamaske yana sayar da buhu bai san nawa ake sayensa a Abidjan ko Accra ba, dillali ne kaɗai ya sani. Wannan ba matsala ce ta gaske ba?

Mamman Sani: Matsala ce ta gaske ƙanena. Amma kuna da layi nawa a rubuce?

Nasiru: Mun zana yadda fuskokin za su kasance. Rubutu sai mun samu kayan aiki.

Mamman Sani: Cinikin biri a sama ke nan. Kuma wa zai riƙa shigar da farashin kowace safiya? Rubuta manhajar shi ne mai sauƙin, wata ɗaya ya isa. Mutumin da zai tsaya a tasha a Abidjan kullum ya aiko da farashin gaskiya, shekara da shekaru, shi ne aikin. Na ga irin wannan manhaja aƙalla sau uku a gasar matasa a Yamai. A tafa, a ba da kyauta, a ɗauki hoto da babban allon cek, bayan wata shida ka buɗe ka tarar da farashin ranar gasar.

Nasiru: To don wasu sun faɗi sai a ce mu kar mu gwada? Kai ma wani ya ba ka kwamfutar farko.

Mamman Sani: Wannan gaskiya ne, kawuna ne. Ban musa ba.

Mushe Habu: Ku yi mani haƙuri in sa baki, ni tsohon malamin lakwal ne, ban san kod ba. Amma wagga magana na san ta tun ba a haifi wasunku ba. Ƙauyenmu anka zo anka gina muna foraj. Ranar buɗewa anka yanka rago, manya sunka zo da motoci, anka kafa allo da sunan masu poroje. Shekara biyu fanfo yal lalace. Ba wani babban abu ba, roba ce guda ta cinye. Masu poroje sun tahi, su kuɗɗinsu na gini ne, ba na gyara ba. Mata sunka koma tsohuwar rijiya mai gaba talatin. Akwai wani bawan Allah guda da ka gyaran fanfunan yankin, bisa kekenai, wani lokaci a ba shi hura kawai. Sunanshi ba ya bisa allo ko guda. Bayan shekaru wasu masu poroje sunka zo, mi kuke tsammani sunka yi? Sabon foraj sunka gina, taki ashirin daga matacce. In kun bi hanyar Keita ko Bouza ku ƙirga da idonku. To ni tambayata, cikin ukun ga da Isufu yal lissafa, wane na mai keken?

Lawali: Mushe, wallahi kamar ka karanta tarihin abin. Ina nan Faransa ina aiki a wannan fanni, kuma ciwon ɗaya ne, girman allon ne kawai ya bambanta.

A 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, wadda ake kira Heartbleed. OpenSSL ita ce makullin da ke tsare sirrin shafuka masu ɗimbin yawa, har da na bankuna. Da aka duba sai aka tarar gudummawar da suke samu ba ta wuce wajen dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne ke aikin cikakken lokaci. Kamfanonin da ke cin biliyoyi a kanta ba wanda ya taɓa tambayar wa ke canza robar. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Sai bayan abin ya fashe Linux Foundation ta tara manyan kamfanoni suka kafa asusu.

A Disamba 2021 aka sake yi da wata buɗaɗɗiyar manhajar, Log4j, ƴan sa kai suka kwana suna gyara, duniya na zaginsu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na xz a Maris 2024. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace Linux. Mai kula da ita, Lasse Collin, shi kaɗai ne, ba albashi, ya gaji. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimaka masa, sama da shekara biyu yana aiki tsaf har aka amince aka ba shi mabuɗi, sannan ya dasa ƙofar ɓoye. Allah ne ya kiyaye, wani injiniya Andres Freund ya lura shiga sabar ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Rabin daƙiƙa! Mu nan in shafi ya buɗe cikin minti ɗaya godiya muke yi.

Shi ya sa asusun da gwamnatin Jamus ta kafa a 2022, Sovereign Tech Fund, ya ce shi ba ya ba da kuɗin gwajin sabon abu. Tubalan da wasu suka riga suka yi gini a kansu yake tallafa wa. Sun ba curl, manhajar aika bayanai ta intanet, sun ba GNOME, fuskar kwamfuta ta Linux, Yuro miliyon ɗaya a 2023. Ma'auninsu shi ne, in wannan abu ya faɗi, mutum nawa zai danne?

Bubakar: To in haka ne mu bi maganar har ƙarshenta. Me muka fi dogara da shi a Nijar? Alƙaluman asibitocinmu a DHIS2 ake shigar da su, Jami'ar Oslo ce ke riƙe da ita. Duk mai aikin ƙidaya a ƙauye KoboToolbox ko ODK ke cikin wayarsa. Masu taswira QGIS da OpenStreetMap. Shekara nawa muna ɗiba ba mu taɓa zuba ko guga ɗaya ba. Me zai hana mu aika musu, ko don fita kunya?

Lawali: Na yi lissafin. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Duk asusunmu Yuro dubu biyu da ƴan kai ne. A nan bai kai abin da kamfani ke kashewa kan injiniya ɗaya a wata ba. A Tawa kuwa zai riƙe mutum wata da watanni. Abin dariyar, ya ɗara abin da OpenSSL ke samu a shekara kafin 2014. Amma dai ina ganin mu bar kuɗin a gida. In muna son biyan bashin waɗancan, da aiki za mu biya: fassara, kai rahoton kuskure, zana unguwanninmu a taswira.

Zeinabu: Tunda an ambaci fassara, bari in yi magana, don tun ɗazu ina jin kamar takardata ba ta cikin lissafi. Yaya Mamman ya taɓa ce mini a zaman fada wai ni ba mai rubuta manhaja ba ce. Gaskiya ne, a jami'ar Djibo Hamani ba kwamfuta nake karanta ba. Amma wata bakwai ke nan ni da ƙawayena huɗu muna naɗar jimloli da forfe ɗinmu a Common Voice, shafin da ake tara muryoyi don koya wa na'ura jin magana. In ka saurari muryoyin Hausa da ke wurin, yawanci za ka ji na ƙetaren iyaka ne. Ba laifinsu ba ne, su suka fito. Amma gobe in aka ƙera na'ura mai jin Hausa, tsohuwa a Illela ta ce mata "mi kac ce", sai ta tsaya tana kallonta. Ko harafin ƴ ɗin nan da nake rubutawa, mu a Nijar da ƙugiya muke yinsa, su a Najeriya 'y suke sa wa. Wayoyi da yawa ba su da shi sai ka girka wani allon rubutu. A Maris 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. To harshen ƙasa da ba ya cikin kwamfutar biro, a ina zai yi aiki? Jika 300 ɗin na forfe ne, da makirfo biyu, da kuɗin mota zuwa Konni da Madawa mu naɗi muryar dattawa.

Mamman Sani: Zeinabu, na janye waccan maganar, a gaban kowa. Abin da ake naɗa a Common Voice ana sakinsa da CC0, wato kowa ya ɗauka ba tare da neman izini ba. Ta fuskar lasisi kin fi kowa tsabta a cikin ukun. Abin da ya rage mini shi ne, kamfanonin Amurka ma za su kwashe muryar kakanninmu kyauta su sayar mana.

Zeinabu: Za su kwasa. Nasiru ma zai iya kwasa ya sa wa manhajar albasarsa kunne, tunda yawancin manoman ba sa karatun boko. In na rufe don kar Ba'amurke ya ɗauka, na rufe wa Nasiru.

Sa'adu: Salam, don Allah akwai mai cajar HP mai bakin shuɗi a kusa da babbar kasuwa?

Isufu (admin): Sa'adu, bi ni ta gefe. A ci gaba.

Hajiya Rakiya: Ni tambayar Mushe ce ta tsaya mini a rai, wane ne mai keken. Ina da amsa, amma ba ya cikin masu takarda. Kun san ina aiki da ƙungiyoyin asusun mata. Tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar nan aka fara shi, a Maradi a 1991, kafin ya bazu duniya. Akwati ne mai kwaɗo uku, mabuɗi a hannun mata uku, kuma lissafi a ka ko a littafi. Ranar rabo nan ake rigima, wa ta zuba nawa, wa ke da bashi. Shekara huɗu da suka wuce Nuhu ya rubuta mana ƴar manhaja a waya, ba ta buƙatar rezo, tana riƙe zubi da bashi da tara, ta fitar da rabon kowa. Ƙungiya goma sha ɗaya ke aiki da ita yanzu a cikin waɗanda nake bi. In waya ta faɗa ruwa Nuhu ake kira. In aka sabunta Android abin ya ƙi buɗewa Nuhu ake kira, ko ƙarfe goma na dare ne. Ban taɓa ganin an ba shi abin da ya wuce kuɗin mai ba, wani lokacin ma ƙuli-ƙuli ake ɗaura masa a leda. Yana cikin zauren nan yana karantawa, ya yi shiru kamar ba shi.

Isufu (admin): Nuhu, fito.

Nuhu: Ina nan. Hajiya ta faɗi abin ya fi ƙarfinsa. Ƙaramin abu ne. Ni ban nema ba don na ga kamar kuɗin na masu manyan ayyuka ne.

Mamman Sani: Tana ina? Turo mana adireshin in duba.

Nuhu: Ba ta intanet Yaya. Tana kwamfutata da kile biyu. Duk wanda ya tambaya ina tura masa, har asalin rubutun, ban taɓa hana kowa ba.

Mamman Sani: Lasisi fa?

Nuhu: Ban sa komai ba. Na ɗauka in ban hana ba ai na bari.

Mamman Sani: Innalillahi. A doka akasin haka ne. Abin da ba a rubuta masa lasisi ba, duk haƙƙinsa na mai shi ne, ba wanda ke da izinin canzawa ko rabawa. Wato a takarda, manhajar Abdul-Karim ta fi taka buɗewa.

Abdul-Karim: Alhamdu lillahi da na ga wannan rana. Mamman, ka kafa doka da safe, kafin la'asar ta kama wanda kowa ke so. Yanzu sai ka ce Nuhu ya ɗauki takardarsa, ga shi ko takardar ba shi da ita.

Mamman Sani: Dokar na nan daram. Bambancin shi ne Nuhu aikin minti goma ya raba shi da cika sharaɗi, kai kuwa niyya ce ta raba ka. Kuma ku duba haɗarin. Lissafin kuɗin mata na ƙungiya goma sha ɗaya yana rataye da kwamfuta ɗaya da kile biyu da mutum ɗaya mai hawa babur a hanyar Tawa. Allah ya tsare shi, amma wannan ai shi ne labarin xz da Lawali ya ba mu.

Nuhu: Gaskiyar magana kunya nake ji. Na rubuta ta ina koyo. Sunayen abubuwa a ciki rabi Hausa rabi Faransanci, akwai wurin da na sa "kar a taɓa nan" don ni kaina ban san me ya sa yake aiki ba. In na saka a fili irinsu Yaya Lawali za su yi dariya.

Lawali: Ƙanena, da ka ga abin da ke cikin manhajojin da ake biyana in gyara, da ka saka taka da ganga da algaita. "Kar a taɓa nan" akwai shi da kowane harshe na duniya.

Mushe Habu: Ni abin da ka ba ni tsoro daban ne. Yaron ga shekara huɗu shina yi don Allah. Kun san abin da perdiyam yay yi muna ƙasar ga. Da, in anka ce gayya, gari duka ka fita. Yanzu ko taron amfanin kanka anka kira ka, sai ka ce nawa a kuɗɗin zama. Kada mu ba shi jika ɗari biyar bana, baɗi asusu ba komi, shi ji kamar an rage mai albashi. Su kuma mata su ce ai an biya shi, su bar ko godiya.

Hajiya Rakiya: Mushe, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Masu cewa a yi don Allah yawanci ba su ne ke sayen man babur ba. Yaron nan yana da mata da ɗa. Ran da wata ƙungiyar agaji ta ba shi aiki a Diffa zai tafi, kuma ba mai ganin laifinsa. Limami ma ana kai masa hatsi, ba a ce ladansa ya ragu ba. Amma na yarda kar a ba shi a dunƙule kamar kyautar gasa. Kuma su ma ƙungiyoyin ya kamata su riƙa cire wani abu ranar rabo, ko jika biyu ne, kamar yadda ake ware na gyaran fanfo. Wannan ni zan kai musu maganar.

Abdul-Karim: Bari in faɗi abin da ke hana ni buɗe nawa, tunda an mai da ni mugun labarin. Ba ku nake tsoro ba. Wani mai jari a Yamai ko Dakar nake tsoro, ya sauke aikina na shekara uku, ya canza launi da suna, ya je ya ci kasuwar makarantu da ita saboda shi ya san mutane. Mun ga abin da ya faru da albasar Galmi, da wani kamfanin iri na Senegal ya je OAPI, hukumar rajistar haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka, neman a yi masa rajistar irin da kakanninmu suka daɗe suna nomawa, sai da aka tashi tsaye. Abin da ba shi da mai shi, mai ƙarfi ke gadonsa.

Mamman Sani: To ai kai ka zaɓi MIT, wanda ke cewa kowa ya ɗauka ya rufe in ya so. Sa lasisin GPL, ko AGPL tunda taka ta intanet ake amfani da ita. Duk wanda ya canza ya ba mutane, dole ya saki canjin da lasisi iri ɗaya. Richard Stallman, wanda ya rubuta GPL, saboda irin tsoronka ya tsara ta.

Abdul-Karim: In ya ƙi fa? Wace kotu zan kai shi, da wane kuɗin lauya? Ka taɓa jin an yi shari'ar GPL a Tawa?

Mamman Sani: Ban taɓa ji ba.

Bubakar: A nan Abdul-Karim na da gaskiya, kuma ba shi kaɗai ba ne. Kamfanin HashiCorp ya janye manhajarsa Terraform daga buɗaɗɗen lasisi a Agusta 2023, kamfanin Redis ya bi a Maris 2024, duk kukansu ɗaya ne, wasu na cin kasuwa da guminsu. Jama'a kuma suka ɓalle suka yi OpenTofu da Valkey daga tsohon rubutun, don abin da aka riga aka saki ba ya komawa. Darasin da na ɗauka, kar mu tambayi ko mutum na da kamfani ko ba shi da shi. Mu tambayi abin da kuɗinmu zai haifa, a buɗe zai fito ko a rufe. In Abdul-Karim ya ce a biya shi ya gyara ɓangaren kiran suna ya yi aiki ba rezo, don makarantun ƙauye, ni zan ɗaga hannu. Ya ci gaba da sayar da ɗaya ɓangaren, ba ruwanmu.

Abdul-Karim: Wannan ba jika 700 ba ne, bai fi na 200 ba. Zan yi tunani.

Nasiru: Mu dai na ga an binne mu ba sallah.

Lawali: Ba a binne ku ba. Ku ne ma kuka fi kowa damar samun kuɗin waje, don masu ba da tallafi sabon foraj suke so. Asusun UNICEF na sababbin kamfanoni yana ba da har dala 100,000, sharaɗinsa kamfani mai rajista a ƙasa irin tamu, da buɗaɗɗen lasisi, da samfurin da ya riga ya fara aiki. Gidauniyar NLnet ta Holand tana ba da Yuro 5,000 zuwa 50,000, ko mutum ɗaya ne ba kamfani, sai dai tana son aikin ya shafi Turai ta wata fuska, kuma ba ta biya sai ka gama matakin da ka yi alkawari. Ka lura, su ma kowa sai ya ga abu a ƙasa. Ku sami ƴan kasuwa biyar da za su yarda su riƙa turo farashi ta saƙo, ku yi wata uku kuna tarawa ko a takardar lissafi ce. In ya rayu, ni zan zauna da ku mu rubuta takardar neman da Turanci. Sai dai kar a jingina da na waje kacokan. Kun ga yadda abubuwa suka tsaya cak bayan Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, kun ga kuma yadda aka rufe USAID a 2025.

Nasiru: Ko wata ukun ai da batir ake yinsa Yaya.

Hajiya Rakiya: Wannan kam gaskiya ne. Batir nawa ne?

Nasiru: An ce mana jika 25 a Yamai.

Mamman Sani: Bar asusu, ni zan saya in ba direban mota ya kawo muku. Bashin kawuna ne nake biya.

Isufu (admin): To ga abin da na tsinta, ku gyara mini. Sharaɗi: abin da kuɗin ya haifa ya fito da buɗaɗɗen lasisi, ko kod ne ko fassara ko murya. A nuna mutanen da ke amfani da abin yanzu, ba waɗanda za su yi ba. A biya kashi-kashi bayan an ga aiki, yadda Lawali ya ce NLnet ke yi. A kan haka ina ba da shawarar jika 50 kowane wata ga Nuhu har wata goma, farawa daga ranar da ya saka manhajar a fili, kuma cikin aikin har da koya wa mutum na biyu. Zeinabu jika 300 kashi uku. Jika 200 a ajiye wa Abdul-Karim in ya amince da maganar Bubakar. Saura 350 su kwana a asusu.

Zeinabu: Sharaɗi na biyu ya kama ni fa. Wa ke amfani da muryoyin yanzu? Ba kowa. Amfaninsu sai gaba.

Isufu (admin): Kai. Haka ne kuma.

Bubakar: Kuma akwai wata. Hajiya ce ma'aji, ita ta kawo sunan Nuhu, ƙungiyoyinta ne ke cin moriyar. Ba zargi ba ne Hajiya, amma gobe wani zai faɗa a bayan ido.

Hajiya Rakiya: Gara da ka faɗa a gaban ido. Ba zan jefa ƙuri'a a kan na Nuhu ba, kuma kuɗinsa Mushe ya riƙa sa hannu. Akwatinmu ma kwaɗo uku gare shi.

Mushe Habu: Na amsa, in dai ba a ce in karanta kod ba. Amma maganata ta baɗi tana nan, ba wanda yab ba ni amsa. Wata na goma sha ɗaya mi za a ba shi?

Isufu (admin): Ba ni da amsa Mushe. Mu kai ta zaman Asabar bayan la'asar, tare da gyaran sharaɗin da ya kama Zeinabu. Na waje za mu kira ku. Ba a fitar da ko dala kafin nan.

Nuhu: Yaya Mamman, na buɗe shafin GitHub ɗin. Yana tambayata in zaɓi lasisi, jerin ya yi yawa. Kuma akwai fayil ɗin gwaji da na sa sunayen matan Hajiya na gaske da bashinsu a ciki.

Mamman Sani: KAR KA TURA KOMAI. Cire hannunka daga kwamfutar, ina kiranka yanzu.